Kafin Mu Ce “Rezo Ne”, Mu Buɗe Littafi

A Yamai akwai kalma guda da take kashe kowace magana, ita ce rezo. Uba ya kira makaranta don ya ji ko an tashi yara, kiran bai shiga ba, sai ya ce rezo ne. Darakta ya tashi aika sunayen masu rubuta jarrabawar BEPC, saƙon ya maƙale a hanya, shi ma ya ce rezo ne. Malama ta tura wa iyaye sanarwa a WhatsApp da safe, ba ta isa ba sai bayan la'asar, kowa ya yi shiru don an riga an san mai laifi. Mun mayar da rezo kamar hazo ko guguwa, abin da ke zuwa don kansa ya tafi don kansa, ba a tambayarsa dalili. A ganina mun yi saurin sallamawa, kuma wannan sallamawar tana ci mana kuɗi da lokaci, wata rana ma tana iya cin abin da ya fi su. Duk makarantar da ta dogara da akwatin intanet wajen magana da iyaye, wajibi ne ta iya bin sawun matsalarsa daki-daki, ta kuma rubuta abin da ta gani.

Bari mu fara da sanin abin da muke magana a kansa. A ofishin darakta na makarantu da dama, musamman masu zaman kansu, za ka tarar da akwati mai fitilu kore yana ƙyalƙyali a kan tebur ko a saman kabad. Shi ne ke jawo intanet, ko ta sim ɗin Airtel, Moov Africa ko Zamani Telecom, ko ta igiyar da Niger Telecoms ta shigo da ita, sannan ya raba wa kwamfutoci da wayoyin salula. A wasu ofisoshi da gidajen da ke da ƴan'uwa a ƙasashen waje akwai ƙaninsa, wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba, wanda ake soka masa tarhon tebur irin na da. Aikinsa shi ne ya juya muryar mai magana ta zama saƙon da zai bi intanet, ya kuma juyo da muryar wancan ɓangaren. Wannan ƙaramin shi ne ya fi saurin yaji. Da safe lafiya lau, da rana ka ɗaga tarho ka ji tsit, ko kai kana iya kira amma duk wanda ya kira ka sai a ce masa ba a same ka ba.

Malamai za su fi kowa gane dalilin wannan, domin abin da ke faruwa bai bambanta da kiran suna a aji ba. Ɗan akwatin tarho yana da rajista a wurin kamfanin da ya ba shi lamba. Duk bayan wani lokaci, a na'urori da yawa daƙiƙa 3600 wato awa guda, dole ya aika saƙo ya ce ga ni nan, ga kuma adireshin da za a same ni. Idan lokacin ya wuce bai amsa ba, sai a rubuta shi cikin waɗanda ba su zo ba, a daina turo masa kira. To kuma saƙon nan sai ya bi ta cikin babban akwatin intanet, wanda ke aiki kamar mai gadin ƙofar makaranta: yana riƙe sunan wanda ya fita don ya san wanda zai bari ya shigo da amsa. Sai dai wannan mai gadin mai saurin mantuwa ne. Idan aka yi shiru na daƙiƙa 30 zuwa ƴan mintoci, sai ya share sunan, duk baƙon da ya zo daga waje ya tarar da ƙofa a rufe. Abin da ya sa ke nan kiran fita yake tafiya, kiran shigowa kuma ba ya ƙara.

Wanda ya fahimci wannan ya san cewa “tarho ba ya aiki” sarƙa ce mai zobba da yawa: wutar lantarki, cajar akwati, shi kansa akwatin, igiyoyin da suka haɗa su, eriyar kamfani ko igiyarsa, sai kuma doguwar hanyar da ta fita daga Nijar zuwa teku. Kowane zobe na iya tsinkewa. Hankali kuwa shi ne a fara da zoben da ke kusa da hannu, wanda dubansa ba ya cin ko dala, kafin a tafi na nesa. Mu kuwa mun saba farawa daga can ƙarshe. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Zobe na farko shi ne kuran. Ba sai an tuna wa mazaunin Yamai yadda wuta take ba. Shekaru da dama kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya ta riƙa zuwa, rabon Yamai kuma ta layin da ya taso daga Birnin Kebbi. Da Najeriya ta yanke ta a farkon Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya ga abin da dogaro da igiya ɗaya ke jawowa, har zuwa Maris 2024 da aka maido ta. Tashar Goru Banda da aka buɗe a 2017 da gonar hasken rana mai megawat 30 da aka ƙara mata a 2023 sun rage nauyi, amma da bazara ta kama, ɗauke wuta da raunin wuta suna nan. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba sai wuta ta tafi gaba ɗaya akwati ke faɗuwa ba. Ƙiftawar da fanka ba za ta ma ji ba ta isa ta sa shi ya mutu ya sake tashi, kuma kowane tashi yana cin minti biyu ko uku kafin ya kama hanya.

A nan ne wata matsala mai sauƙin magani ke ɓuya. Idan wuta ta dawo, ko aka tayar da inji, duk na'urorin suna farkawa lokaci guda. Ƙaramin akwatin tarho ya riga babban shiryawa, sai ya ruga amsa kiran suna ya tarar hanya ba ta buɗe ba tukuna. Wasu na'urorin suna sake gwadawa nan da nan, wasu kuwa sai su daɗe kafin su kuma. Maganin shi ne bin tsari: a kashe duka, a kunna babban akwati shi kaɗai, a jira fitilar intanet ta tsaya cik, sannan a kunna ƙaramin. Mafi kyau kuma a hana su mutuwa tun farko. Waɗannan akwatuna ba su da ci, yawancinsu wat 5 zuwa 15 suke sha, ƙasa da ƙwan fitila irin na da. Ƙaramin batirin ajiya mai bolt 12, irin wanda ake sayarwa don wannan aikin, yana riƙe su awoyi. Makarantar da ta iya sayen akwati ta iya sayen batirinsa, kuma shi ya kamata ya zo kafin labulen ofis.

Zobe na biyu caja ce, kuma ita aka fi rainawa. Kowane akwati yana da ƙarfin wutar da yake so, an rubuta a gindinsa, misali bolt 12 da amfiya 1, ko bolt 5 da amfiya 2. Idan cajar asali ta ƙone, sai a aiki yaro kasuwa ya sayo duk wadda bakinta ya shiga. Fitila ta kama, kowa ya ce an gyara. Amma cajar da ba ta kai ƙarfi ba tana iya riƙe akwati yana zaune, da an ɗaga tarho ko kira ya shigo, lokacin da yake buƙatar ƙarin wuta don ya kaɗa ƙararrawa, sai ta gaza ya faɗi. Ko cajar asali ma tana tsufa, zafi kuma yana hanzarta tsufanta. Saboda haka idan akwati yana mutuwa yana tashi don kansa alhali wuta ba ta motsa ba, a ari caja mai lambobi iri ɗaya a gwada kwana biyu kafin a yanke wa akwatin hukunci. Akwatuna nawa ne lafiyayyu suka ƙare a Katako saboda laifin caja?

Zobe na uku yanayin garinmu ne. Yawancin akwatunan gida an ƙera su ne don su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, haka masu ƙera su ke rubutawa a takardarsu. A Yamai kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, inuwa ma tana wuce haka. Ka ɗora wannan a kan ofis mai rufin kwano, da akwatin da aka kulle cikin kabad don tsoron ɓarayi, ko aka aza shi kan taga yana shan rana, ko aka lulluɓe shi da ƙyalle don kada ƙura ta taɓa shi. Idan ya yi zafi sai ya rage gudu, ko ya tsaya, ko ya sake tashi. Abin takaicin shi ne wannan lokacin ya yi daidai da shirin BEPC da BAC, lokacin da makaranta ta fi buƙatarsa. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe ƙofofin iskarsa, da damina tsawa ce ke bin igiya ta ƙone shi. A ɗaga shi sama a inuwa inda iska ke ratsawa, kada a ɗora ɗaya kan ɗaya, a riƙa kaɗe masa ƙura, a kuma zare shi daga bango idan hadari ya taso.

Sai igiyoyi da wurin zama. Igiyar da ta haɗa akwatunan biyu tana da ɗan harshen roba da ke riƙe ta. Idan ya karye, igiyar na nan a wurinta a ido, amma duk wanda ya jingina da tebur sai ta saki. Igiyar da ƙafar kujera ta taka ko ɓera ya ɗanɗana ma haka. Akwatin da ke aiki da sim kuma yana son kusa da taga ta ɓangaren da eriya take. Matsar da shi taku uku kawai yana iya ƙara masa sanda ɗaya ko biyu. Kada kuma a manta da abu mafi sauƙi: forfe ya ƙare, ko an kai iyakar da kamfani ke rage gudu. Lambar sirrin wayifai da aka ba mutum ɗaya a watan Oktoba, kafin Disamba rabin unguwa ya san ta. Murya ba ta da cin data, amma ba ta jure cunkoso, domin hoto zai iya jira daƙiƙa biyar ya sauka, magana kuwa ba ta jira.

Idan duk waɗannan sun fita lafiya kuma tarho yana ci gaba da ɓacewa, musamman idan kira yana fita amma ba ya shigowa, to lokaci ya yi da za a kira mai gyara, amma a kira shi da tambaya a hannu. A ce masa ya rage tazarar kiran sunan daga awa guda zuwa ƴan mintoci. Ya kunna saitin da ke sa ɗan akwatin ya riƙa gyaran murya a bakin ƙofa duk bayan daƙiƙa 15 zuwa 30 don kada mai gadi ya manta da shi. Ya duba wani saiti mai suna SIP ALG a cikin babban akwati, wanda aka yi don ya taimaka amma sau da yawa shi ke dagula saƙon, ya gwada kashe shi. Ya ba ɗan akwatin adireshi tsayayye a cikin gida don kada ya riƙa canzawa. Ya kuma duba ko akwatunan raba intanet biyu aka jera ɗaya bayan ɗaya, wato masu gadi biyu a ƙofa guda, kowa da tasa mantuwar. Darakta ba sai ya iya yin waɗannan da hannunsa ba. Ya isa ya san suna nan, don kada a sayar masa da sabon akwati a kan aikin minti goma.

Akwai gargaɗi biyu a nan. A bayan kowane akwati akwai wani ɗan rami da ake soka masa tsinke. Wannan ba na kashewa da kunnawa ba ne, yana goge duk abin da aka saita ne, har da suna da lambar sirrin layin. Yaro mai ƙwazo ya soka tsinke, makaranta ta yi mako ba tarho saboda wanda ya saita shi ya koma Maraɗi ko ya canza lamba. A rubuta waɗannan bayanan a takarda, a sa a ambulan, a kulle tare da muhimman takardun makaranta. Na biyu, a canza lambar sirrin da akwati ya zo da ita daga kamfani. Akwai ɓarayin da sana'arsu ke nan a duniya, neman irin waɗannan layukan da aka bari a buɗe su buga kiran ƙasashen waje da su, mai layi ya wayi gari da bashi.

Yanzu ga abin da na fi so malamai da iyaye su ɗauka daga wannan rubutu: littafi. Ɗan littafin rubutu na dala ashirin ko talatin, a ajiye shi kusa da akwati da alƙalami ɗaure. Duk lokacin da layi ya yanke a rubuta rana da lokaci, ko akwai wutar NIGELEC ko inji ake kai, wace fitila ce ta mutu ko ta koma ja, ko salular da ke da sim ɗin kamfani ɗaya tana samun intanet a wannan lokacin, me aka yi, kuma bayan minti nawa ya dawo. Mako biyu kawai, littafin zai fara magana. Idan yankewar kullum tsakanin azahar da la'asar ce, zafi ne. Idan kullum bayan dawowar wuta ce, tsarin kunnawa ne ko caja. Idan tana zuwa a kan tazara ɗaya kamar agogo, rajista ce. Idan lokacin shan iska ce, wayoyi ne suka yi yawa a kan wayifai. Idan kuwa akwati lafiya, wuta lafiya, salula ma ba ta samu, maƙwabta ma suna kuka, to wannan karon da gaske rezo ne.

Na san abin da wani zai ce: wannan ai wanke kamfanoni ne, ana karɓar kuɗinmu ba a ba mu aiki, sannan a ce mu duba cajarmu. Kukan yana da tushe. Hukumar ARCEP da ke sa ido kan sadarwa a ƙasar nan ita da kanta ta ci kamfanonin waya tarar biliyoyin sefa a 2023 saboda rashin ingancin aiki, kuma ba a kan caja ta ci su ba. Amma mu tambayi kanmu, wane ne kamfani ya fi jin tsoro? Wanda ya kira ya ce kullum abinku ba ya aiki, ko wanda ya zo da takarda ya ce daga 3 zuwa 17 ga wata layinku ya yanke sau kaza, ga ranaku ga awoyi, akwatinmu yana kan batiri, mun canza caja da igiya, ga lambar ƙorafin da kuka ba mu? Na farko za a ce masa ya kashe ya kunna. Na biyu ya riga ya toshe wannan ƙofar. Idan makarantu goma a Harobanda ko Talaje suka kawo littattafai goma masu nuna awoyi iri ɗaya, wannan hujja ce da ƙungiyar iyaye za ta iya ajiyewa a gaban kamfani, in bai ji ba a gaban ARCEP. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Littafin yana kuma hana mu ɓarnar kuɗi a ranar da laifin ya fi ƙarfin kowa a Yamai. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai igiyoyin da ke kwance a ƙarƙashin ruwa. A ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Kodebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga duhu ko tafiyar hawainiya, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A ƙarshen Fabrairu 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an rufe intanet na wayar salula a ƙasar nan kimanin kwana goma. A irin waɗannan ranakun babu mai gyaran da zai yi maka komai. Wanda ya saba bin zobba zai gane haka cikin minti biyar ya riƙe kuɗinsa. Wanda bai saba ba shi ne zai sayi sabon sim, ya canza akwati, ya biya mai gyara kuɗin mai, a banza.

Wani kuma zai ce ai yanzu Starlink ya shigo, tun 2025 yana aiki a Nijar da izinin hukuma, a sa shi a huta. Gaskiya ne yana tsallake eriyar unguwa, kuma ga makarantun da ke nesa da gari babban abu ne. Amma farantinsa ya fi akwatin sim cin wuta nesa ba kusa ba, ruwan sama mai ƙarfi yana raunana shi, kuma bayansa akwai akwati da caja da igiya da zafi da ƙura, duk suna nan yadda suke. Ɗan akwatin tarho zai ci gaba da amsa kiran suna ta ƙofar mai gadi mai mantuwa. Makarantar da ba ta iya kula da ƙaramin abu ba, in ta sayi babba ta sayi babbar matsala ne kawai.

Ƙorafi na uku shi ne ya fi nauyi a wurina. Malami yana da aji mai cike da yara, albashi ba ya kai ƙarshen wata, makarantu da yawa ko wutar lantarki ba su da ita, wasu azuzuwan ma na zana ne. Ina wannan ina maganar akwatin tarho? Amsata ita ce, ainihin maganar ba ta akwati ba ce, ta hanyar kira ce a ranar da ake buƙatarta. Ba wanda ya manta da gobarar 13 ga Afrilu 2021 a wata makarantar unguwar Pays-Bas, wadda ta ci rayukan yara kimanin 20 a azuzuwan zana. Ba wanda ya manta da ambaliyar 2020 da ta 2024. Yaro yana faɗuwa a filin wasa, ciwon sikila yana tashi, ana tashin yara kafin lokaci. Tsohon tarhon waya na zamanin Sonitel yana samun wutarsa ne daga ofishin kamfani, ko an ɗauke wuta yana aiki. Tarhon da ke bin intanet kuwa da wuta ta tafi ya tafi. Bayan haka, layin da aka saya daga kamfanin wata ƙasa ba lalle ne ya kai ka ga lamba 18 ta masu kashe gobara ko 17 ta ƴan sanda ba. Sai an tambaya tun kafin ranar.

Don haka abin da nake nema bai fi ƙarfin kowace makaranta ba, mai akwati da marar akwati. Kowace makaranta ta kasance da lambobi biyu a kamfanoni biyu daban, ɗaya a cikin salula mai maɓallai wadda cajinta ke kwana uku, a hannun mutumin da aka sani. A rubuta lambobin biyu a littafin kowane yaro ranar komawa makaranta. Iyaye su ma su ba da lambobi biyu, kuma su sanar idan sun canza. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye su sa batiri da caja ta biyu da igiya ta biyu cikin kasafin shekara, kamar yadda ake sa alli. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin akwati da littafinsa, a kuma naɗa masa mataimaki, domin abin kowa da kowa ba na kowa ba ne. A rubuta matakan dubawa a takarda ɗaya a manna a bango, da Hausa da Zabarmanci, yadda mai gadi ma zai iya bi. Tun da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ga wuri mai sauƙi da za a fara aiki da ita.

Ku kuma iyaye, akwatin da ke gidanku ɗakin gwaji ne kyauta. Idan ya yanke, maimakon tsaki da ce wa yaro kashe ka kunna, ku tambaye shi: me ka gani? Wace fitila ce ta canza? Me kake zato? Ta yaya za mu gane ko zaton naka daidai ne? A canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, a ga abin da ya biyo baya, a rubuta. Wannan shi ne ilimin kimiyyar da ake haddace wa yara a aji ba tare da sun taɓa shi da hannu ba. Malamin lissafi zai iya ɗaukar littafin akwatin makaranta ya sa ƴan aji su zana jadawalin yankewa awa-awa, su fitar da matsakaici, su faɗi abin da suka gano. Kuma kada a ware ƴan mata, don an saba idan na'ura ta lalace namiji ake kira, alhali karanta fitila da rubuta lokaci ba su san jinsi ba.

Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, masanin kimiyyar da ya jagoranci ofishin binciken hasken rana na ONERSOL, wanda kuma ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka a 1964 yana kira da a koyar da yara da harsunansu, a kuma haɗa makaranta da rayuwar da ke kewaye da ita. Mutumin da ya dubi ranar da ke ƙona mu ya ga abin aunawa da sarrafawa, da wuya ya yarda ɗalibinsa ya tsaya gaban akwati mai fitila huɗu ya ce rezo ne ya juya. Bazara na tafe, jarrabawa na biye da ita, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A taron iyaye da malamai mai zuwa, wani ya ɗaga hannu ya tambayi darakta abu uku: ina lamba ta biyu, ina batirin akwati, ina littafin?